Tambaya da Amsa: Ina Ake Samun Sabbin Waƙoƙin da Ba a Sa Su a Rediyo?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk waje ɗaya suka nufa, maganar sabbin waƙoƙin yaran nan da ba kamfani a bayansu, ba uban gida, ba a kuma jin su a rediyo, shi yasa na haɗa su wuri guda. Na ɗan datse tsawon wasu tambayoyin saboda fili amma ban taɓa ma'anarsu ba.

TAMBAYA (daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya): Malam barka da aiki. Ni dai gaskiya na gaji, duk tashar da na kunna mutanen nan ne dai ake ta juyawa, in ba waƙar fim ba to ta ɗan siyasa, in ba ita ba ta amarya da ango. Wai babu sabbin mawaƙa ne a Arewa ko ni ne ban san inda suke ba?

AMSA: Ƙanena akwai su, wallahi akwai su har sun fi ƙarfin kunnen mutum ɗaya, sai dai ba za su zo su same ka ba, kai ne za ka tashi ka neme su. A ƙasar Hausa kusan kowane mawaƙi da ƙafarshi yake tsaye, ba mu da manyan kamfanonin waƙa irin na Legas da za su ɗauki yaro su biya mishi situdiyo su yi mishi bidiyo su tallata shi, abin da muke da shi ƙofofi ne guda uku, fim da siyasa da biki. Wanda waƙarshi ta hau fim ɗin Kannywood ya shiga gidajen mutane kenan, wanda ɗan takara ya ɗauka ya samu kuɗin situdiyo wani lokacin har da mota, wanda matan biki suka karɓa kuwa DJ zai ta sa shi duk Asabar da Lahadi har kowa ya haddace. Gidajen rediyo yawanci abin da ya riga ya bi ta ƙofofin nan suke ɗauka, don mai gabatar da shiri ba ya son a murɗa tasha a bar shi. To duk wanda aikinshi bai dace da ɗaya cikin ukun nan ba, ko mai rap ne da ke maganar zaman banza da shaye-shaye a unguwarsu, ko mai gurmi da ya haɗa kiɗanshi da fiyano, ko yarinyar da ke rera waƙa da jita a ɗakinta, wannan a cikin waya kawai yake rayuwa.

Ka fara da manhajar sauraron waƙa ta Audiomack, nan ne yaranmu suka fi zuba aiki saboda ɗora waƙa kyauta ne, kuma mai sauraro zai iya sauke ta ya riƙa ji ko ba data. Sai YouTube, amma kar ka tsaya kan abin da ya kawo ma a shafin farko, ka rubuta abin da kake nema ka zaɓi ya nuna ma na wannan satin ko wannan watan, za ka ci karo da bidiyon da mutum 200 ko 300 suka kalla wanda ya fi wasu masu miliyan ma'ana nesa ba kusa ba. TikTok ɗan guntu kawai zai ba ka, in ka ji abin da ya kama ka sai ka bi sunan ka nemo cikakkiyar waƙar.

Dabarar da na fi yarda da ita dai ita ce ka bi mai kiɗa. Ai ka lura kusan kowace waƙa yanzu da farkonta za ka ji an ambaci sunan wanda ya buga kiɗan, to ka riƙe sunan nan ka je shafinshi, mai kiɗa ɗaya a titin gidan zu a Kano ko a wani lungu a Kaduna ko Jos yana iya yi wa yara da yawa aiki a wata, kuma in hannunshi ya yi ma daɗi a waƙa ɗaya to akwai yiwuwar sauran ma su yi ma. Haka kuma ka duba su waye manyan ke gayyata cikin waƙoƙinsu. Irin su ClassiQ da BOC Madaki na Bauchi, DJ AB na Kaduna, Morell, waɗannan sun riga sun yi suna ba su buƙatar tallata, amma sunayen da ke biye da nasu a jikin waƙa su ne za ka bi.

Kar kuma ka raina masu tura waƙa. Ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko duk wadda ke kusa da kai, za ka tarar da yaro zaune kan benci da tsohuwar laftof an ɗaure murfinta da salatif, igiyoyin caja sun harɗe a gabanshi, sifika tana ta ɓarin kiɗa, ka miƙa mishi memori ka ce sabbin shiga nake so amma ban da na fim. Sai ya ɗago ya kalle ka tukun don ba kasafai ake ce mishi haka ba, sannan ya buɗe wata folda can ƙasa wadda mawaƙan da kansu suke kawo mishi, wani har da ɗan na goro don ya riƙa cusa wa kwastomomi. A nan za ka ji abin da ba ka taɓa ji ba. Abin da ke damuna shi ne rabin waƙoƙin ba su da suna, sai ka ga an rubuta Track 07 ko dogayen lambobin nan da WhatsApp ke liƙa wa sauti, ka tambaye shi waye wannan ya ce wani yaro ne ɗan wajen Kurna ko Rigasa, shi kenan iyakar abin da aka sani game da mutumin da ya zuba kuɗinshi da basirarshi.

Kuma in faɗa ma gaskiya, da yawa cikin abin da za ka ji ba su nuna ba, an cika wa murya otutun, wato gyaran murya na kwamfuta, har ba ka gane mace ce ko namiji, ko kuma kwaikwayon wani babba ne tun daga kari har tari. Sai ka yi haƙuri ka tace. In ka samu mai kyau don Allah ka tura wa abokanka link ɗin da sunan mai ita, kar ka tura fayil tsirara.

TAMBAYA (daga wani matashi a Tudun Wada, Kaduna): Yaya ina yini. Ni rap nake yi, na haɗa waƙoƙi guda 6 da kuɗin da nake tarawa a gyaran waya, ina so in sake su amma abokai sun raba min hankali, wasu sun ce in zuba duka a Spotify wasu sun ce in riƙa sakin ɗaya-ɗaya a WhatsApp. Kuma wai da gaske ne ana samun dala?

AMSA: Sannu da ƙoƙari ƙanena, wanda ya tara kuɗin guminshi ya shiga situdiyo ba da wasa ya zo ba, Allah ya sa albarka. Kafin ma a zo maganar inda za ka zuba su, ka koma situdiyon nan gobe-gobe ka karɓo kayanka. Ka karɓi kowace waƙa a WAV, wato fayil mai cikakken ingancin sauti, ba MP3 kaɗai ba, ka karɓi data ɗinta wato muryarka daban kiɗa daban, ka zuba a filashi ka kuma ajiye kwafi a intanet. Kwamfutocin situdiyo suna mutuwa, ana sace su, wuta na kawo musu da ƙarfi ta ƙona su, mai situdiyo na iya tashi ya koma wani gari, waƙoƙi nawa ne suka salwanta ta haka ba wanda ya san adadinsu. Sannan ku yi magana ta fili da mai kiɗa, sayar ma ya yi gaba ɗaya ko yana da kaso in waƙar ta kawo kuɗi, ku rubuta ko da a takardar littafin makaranta ne kowa ya sa hannu da shaida. In kuma kiɗan daga YouTube ka sauke irin wanda ake rubuta wa kyauta, ka koma ka karanta sharaɗin da ke ƙasanshi, yawanci kyautar ta tsaya ne ga wanda ba zai nemi kuɗi da waƙar ba, ranar da ta fashe mai kiɗan zai sa a sauke ta ko kuɗin ya riƙa tafiya wajenshi.

Sai suna. Ka rubuta sunanka da sunan waƙar da shekara a jikin fayil ɗin, ka sa hoto, ka kuma faɗi sunanka da bakinka cikin waƙar, ai su Shata ma suna ambaton kansu a tsakiyar waƙa, kuma ga shi ya rasu tun 1999 amma ba wanda zai ɗauki waƙarshi ya ce ta wani ce. Waƙar da ba suna kamar akuyar da aka saki a kasuwa ce ba shaida a kunne, duk wanda ya riga kamawa tashi ce.

Ni shawarata kar ka zuba shidan lokaci ɗaya, ba wanda ya san ka tukun da zai zauna ya ji waƙa 6 a jere. Ka zaɓi wadda ta fi ƙarfi ka saki, ka ba ta sati uku ko huɗu tana yawo, ka biyo da ta biyu, in ka kai ta uku mutane sun fara tambaya sai ka haɗa su duka ka fitar a matsayin EP, wato ƙaramin kundi. Audiomack da YouTube da kanka za ka ɗora. Spotify da Apple Music da Boomplay kuwa ta hannun kamfanonin rarrabawa ake bi, irin su DistroKid da TuneCore, DistroKid na karɓar sama da dala 20 a shekara, kuma su ne za su ba kowace waƙa lambar shaida da ake kira ISRC wadda da ita ake gane waƙar taka ce a ko'ina. Tun 2015 aka tsayar da Juma'a a matsayin ranar sakin sabbin waƙoƙi a duniya, to ka ɗora taka da wuri, don Spotify na son a miƙa wa masu zaɓen waƙoƙinsu aƙalla kwana 7 kafin ranar fita. WhatsApp kuma kar ka bar shi, nan mutanenka suke, amma ka sa guntu a status da link, in za ka tura wa DJ ko ɗan rediyo cikakkiya ka tura ta a matsayin dokumen don kar sautin ya lalace.

Maganar dala kuwa, ana samu amma ba yadda abokanka ke zato ba. Spotify ya shigo Najeriya a Fabrairun 2021 da kuɗin wata naira 900, kuma abin da ake biyan mawaƙi ya danganta ne da kuɗin da aka tara a ƙasar da aka saurare shi, don haka sauraro dubu daga Kaduna bai kama ƙafar sauraro dubu daga Landan ba. Daga 2024 ma sun sa doka, waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba ba a biyanta ko sisi. YouTube kuma kafin ka fara cin kuɗin talla a dogayen bidiyo sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara. Kuɗin mawaƙi mai tasowa a wajenmu har yanzu a wasa yake, da biki, da jingil na 'yan kasuwa, da waƙar da wani zai sa ka yi mishi, sai kuma 'yan'uwanmu da ke Saudiyya da Ghana da Kamaru da Turai waɗanda in suka so ka suna yi ma alheri kai tsaye. Ka riƙe gyaran wayarka da kyau, shi ne ya sa ba ka buƙatar zuwa ƙofar kowa kafin ka faɗi abin da ke ranka.

TAMBAYA (daga wani dattijo, tsohon malamin makaranta a Sakkwato): Ɗana ya nuna mini wani Buzu da rawani yana kaɗa jita a gaban dubban Turawa a Amurka, ya ce mini wai a nan Sakkwato ya fara ɗaukar waƙa. Gaskiya ne? Kuma yaya aka yi 'yan Nijar suka kai can mu namu ba su kai ba?

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, ɗanka bai yi ƙarya ba. Mdou Moctar kenan, mutumin jihar Tawa, da hagu yake kaɗa jita, kuma jitarshi ta farko da kanshi ya haɗa ta da wayar birkin keke. A 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinshi na farko mai suna Anar a situdiyon Hausawa, da irin kiɗan kwamfuta da otutun ɗin waƙoƙin fim ɗinmu na lokacin, sai dai da Tamashek yake rerawa. Kundin bai shiga kanti ba, daga waya zuwa waya ya yi ta tafiya ta bulutut da memori har ya kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds a garin Portland, yana tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane a Kidal, ya ji wata waƙa tashi, ya sa ta cikin kundin Music from Saharan Cellphones da ya fito a 2011. Kuma sai da ya sha wahalar nema kafin ya gano mai waƙar don ya biya shi haƙƙinshi, saboda abin da na faɗa wa yaron Zariya a sama, fayil ne ke yawo ba cikakken bayani.

Yanzu yana tare da kamfanin Matador na Amurka, wanda shi ma cikin kamfanoni masu zaman kansu yake. Ya fitar da Afrique Victime a 2021, sai Funeral for Justice a 2024 wanda a ciki ya fito fili ya soki abin da Faransa ta yi wa Nijar da arzikinta. Wanda zan ce Baba ya sa a nemo mishi shi ne Tears of Injustice na farkon 2025, waƙoƙin na 2024 ne aka sake su da jitar da ba lantarki, a hankali, kuma an ɗauke shi ne lokacin da juyin mulkin Yulin 2023 ya rutsa da shi da makaɗanshi suna Amurka aka rufe iyakoki suka kasa komawa gida. Ina ganin zai fi dacewa da kunnen wanda ya saba da gurmi da molo.

Ba shi kaɗai ba ne. Akwai Etran de L'Aïr na Agadas, 'yan gida ɗaya ne da suka daɗe suna kiɗan biki a unguwannin talakawa, kundinsu na farko No. 1 ya fito a 2018 kuma a fili aka ɗauke shi kana jin hayaniyar jama'a a ciki, sai Agadez a 2022, sai 100% Sahara Guitar a 2024. Akwai Tal National na Yamai da ke waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, shugabansu Almeida har aikin alƙali ya yi, kamfanin FatCat na Ingila ya fitar musu da Kaani a 2013 da Tantabara a 2018. A 2020 lokacin korona Sahel Sounds sun yi wani tsari da ya burge ni, duk wata mawaƙi zai ɗauki waƙa da wayarshi ya tura ta WhatsApp a sa ta a shafin sayar da waƙa na Bandcamp mutane su saya.

Dalilin da ya sa namu ba su kai ba, a ganina, kunnen Bature ya riga ya saba da jita tun zamanin makaɗan Mali irin su Tinariwen da Ali Farka Touré, ga ganga ga 'yan kiɗa a tsaye a dandamali, abu ne da za a ɗauka a kai bikin kiɗa a ko'ina. Mu kuwa tun da fiyano ta shigo muka sallami makaɗa, mawaƙi zai hau dandamali da filashi a aljihu yana bin muryarshi da baki, kuma ƙarfin waƙarmu a kalmomi yake, wanda ba ya jin Hausa rabin daɗin ya wuce shi. Sun dai taɓa gwadawa, a 2013 Sahel Sounds sun fitar da Harafin So na waƙoƙin fim ɗin Hausa, a shekarar kuma suka sake fito da kaset ɗin Mamman Sani na 1978, mai kiɗan ogan ɗin nan na Yamai. Wannan na Mamman Sani yana sa ni tunanin kaset-kaset ɗin da aka yi ta sayarwa a Ƙofar Wambai shekara da shekaru, yau suna ina, wa ya adana su, kuma in ba mu muka tashi ba wa muke jira ya zo daga Portland ya tona mana.

TAMBAYA (daga wata 'yar'uwa a Kano): Ina yi wa mawaƙa amshi a wani situdiyo, ana biyana a take in tafi. Wata waƙa da na yi rabin baitocinta ta yaɗu sosai a TikTok amma ko sunana ba a sa ba, da na yi magana aka ce ai an biya ni. Ina da haƙƙi kuwa?

AMSA: 'Yar'uwa abin nan ya daɗe yana ci min rai. Muryoyin mata su suka ɗauki waƙar fim ɗin Hausa tun farko, amma in ka cire kaɗan irin su Fati Nijar da Maryam A. Baba da Fantimoti da suka yi suna, sauran ana jin su kullum a gidajen biki ba a san fuskarsu ko sunansu ba. Kina da haƙƙi. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta san da wanda ya rera ba wanda ya rubuta kaɗai ba, kuma akwai hukumar haƙƙin mallaka ta ƙasa, NCC, da ke kula da wannan, a Nijar kuma takwararta BNDA. Sai dai in ba rubutu tsakaninku maganar takan zama ya ce na ce, shi yasa a wannan waƙar da ta riga ta fita nake ganin ki fara da lalama, ki je da yayanki ko wani babba da mawaƙin ke jin nauyi, ku nemi a ƙara sunanki a YouTube da Audiomack, minti biyu ne aikin kuma ba ya rage mishi komai.

Daga yau kuma kafin ki sa abin ji a kunne ki tambaya, amshi ne zalla ko baiti zan yi. In amshi ne ki faɗi kuɗinki, in baiti ne to sunanki zai hau jikin waƙar, ki sa ya rubuto miki haka ko a saƙon WhatsApp ne ki adana. Kuma ki fara tunanin taki waƙar. Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar kiɗa ta Les Filles de Illighadad a ƙauye ta taso a Nijar, da jitar yayanta ta koya, kundinsu na farko a 2016 a waje aka ɗauke shi ba a situdiyo ba, daga baya sun zagaya Turai da Amurka. Ke da kike cikin situdiyo kullum kin san mai kiɗa kin san mai haɗa sauti, kin fi ta kusa da hanya. Ki shawarci iyayenki ko maigidanki tukun don a yi abin da yardarsu, hakan zai ba ki natsuwar da za ki daɗe kina yi.

TAMBAYA (daga wani mai waƙar faɗakarwa a Kano): Na yi waƙa kan tsadar rayuwa da rashin tsaro, abokai suna ce min za a kama ni. In saki ko in bari?

AMSA: Malam tsoronsu ba daga sama ya faɗo ba. Hukumar tace fina-finai ta Kano tun 2001 take, kuma tana ɗaukar mawaƙa a cikin waɗanda take sa wa ido, a 2009 wata kotu a Kano ta haramta waƙoƙi 11 a lokaci ɗaya, a shekarar aka kama Aminu Ala, kuma waƙoƙin ba su daina yawo a wayoyin mutane ba. To ka yi rajista da hukumar in a Kano kake aiki don kar a kama ka da laifin takarda, ka cire zagi da ambaton sunan mutum da laifin da ba ka da hujja a kai, kar ka taɓa addinin kowa ko ƙabilarshi, ka ba wani lauya ko dattijo mai hankali ya saurara kafin ta fita. In ka yi wannan ni ina ganin ka saki. Faɗin halin da talaka ke ciki tsohon aikin mawaƙin Hausa ne, Ɗan Maraya Jos da kuntiginshi ya yi wa karen mota waƙa, su Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu sun faɗa wa masu mulki gaskiya a rubuce. Irin waƙarka ce ma ta fi ƙaranci yanzu, don ba ɗan takarar da zai biya kuɗinta.

TAMBAYA (daga wani mawaƙi a Maraɗi): Wani ya turo min saƙo a Instagram ya ce in biya shi zai kawo min sauraro 50,000 a Spotify cikin sati. In biya?

AMSA: Kar ka biya ɗan'uwa. Na'urori ne za su yi ta juya waƙar ba mutane ba, Spotify na gane su, tun 2024 ma tarar kuɗi suke ɗora wa kamfanin rarrabawa in aka kama, shi kuma kamfanin ya sauke waƙarka ko ya rufe ma asusu gaba ɗaya, ka yi asarar kuɗi ka yi asarar waƙa. Kuɗin nan ka raba shi, ka ɗauki bidiyo mai tsabta ko da waya ce da hasken safiya, ka kai wa DJ biyu ko uku da ake ji da su a bukukuwan Maraɗi, ka kai gidajen rediyo masu zaman kansu na garin da kanka ku gaisa da mai shirin matasa, ka ba masu tura waƙa na kasuwa fayil mai ɗauke da sunanka da lambar da za a same ka, in da hali ka aika wa na Katsina da Damagaram su ma.